Da gaske ne an harbi Roosevelt amma ya ci gaba da jawabi?

Tambaya: Na ji ana cewa wani tsohon shugaban Amurka, Theodore Roosevelt, an harbe shi a ƙirji amma ya ƙi zuwa asibiti sai da ya gama jawabi. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? In gaskiya ne, yaya aka yi bai mutu ba?

Amsa: Gaskiya ne. Ranar 14 ga Oktoba 1912 abin ya faru a garin Milwaukee. Lokacin Roosevelt ya shekara uku da sauka daga mulki, yana neman komawa a ƙarƙashin sabuwar jam'iyyarsa. Ya fito daga otal ya shiga mota, sai wani mai suna John Schrank ya matso ya ɗirka masa harsashi da ƙaramar bindiga.

Abu biyu ne suka tare harsashin a aljihun kwat ɗinsa: gidan tabarau na ƙarfe, da takardar jawabinsa mai shafi 50 da ya ninke biyu. Harsashin ya huda su duka, amma kafin ya kai jiki ƙarfinsa ya ragu sosai. Sai ya shiga tsokar ƙirjin dama, ya tsaga haƙarƙari, ya tsaya bai kai ga huhu ba.

Abin da ya yi bayan nan ba ganganci zalla ba ne kamar yadda ake ba da labarin. Roosevelt tsohon maharbi ne, ya kuma ga yaƙi a Kuba a 1898, ya san cewa in huhu ya huje jini kan biyo tari. Sai ya yi tari a hannunsa, ya duba, bai ga jini ba. A kan wannan ya yanke shawarar wucewa zauren taro. Ya buɗe kwat ya nuna wa jama'a rigarsa jina-jina, ya yi magana fiye da awa ɗaya. Amma kada wani ya ɗauki gwajin tarin nan a matsayin hujja. Jini na iya taruwa cikin ƙirji a hankali mutum bai sani ba, sai numfashi ya fara gagara. Ilimi ya taimake shi, amma kwana ne ya fi yawa a gaba.

Likitocin Chicago da suka ɗauki hoton ƙirjin sun bar harsashin inda yake, kuma sun yi daidai. A zamanin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yau, tonon rauni kuwa shi ke jawo ruɓewa. Shugaba William McKinley, wanda Roosevelt ya gada a 1901 yana ɗan shekara 42, ruɓewar rauni ce ta kashe shi kwana takwas bayan an harbe shi aka yi masa tiyata. Roosevelt da harsashinsa aka binne shi.

Taurin nan ba da shi aka haife shi ba. Yana yaro ciwon asma ya addabe shi, mahaifinsa ya kafa masa wurin motsa jiki a gida, daga baya ya koyi dambe. Ko a fadar White House bai daina ba, har wani naushi ya kashe masa ganin idon hagu.

Wanda ya karya shi da gaske daji ne, ba bindiga ba. A ƙarshen Fabrairu 1914 shi da ɗansa Kermit da Kanar Cândido Rondon na Burazil suka shiga wani kogi a dajin Amazon da babu shi a taswira, ana ce masa Kogin Shakka. Matsalar farko kwale-kwalen ne: sassaƙen itace masu nauyi, kogin kuma cike da duwatsu da ruwa mai gudu. Duk inda suka iske gangaren ruwa sai a sauke kaya, a sare hanya, a ja jiragen ta tudu. Tafiyar ta yi ta ja, abinci ya ƙare musu kusan, aka koma rabin ciki. Mutum uku ba su dawo ba: ɗaya ruwa ya ci, ɗaya abokin tafiya ne ya harbe shi, shi kuma mai kisan aka bar shi a daji.

Roosevelt ya yanke a ƙafa yana ƙoƙarin ceto jiragen da suka maƙale a duwatsu. Ƙaramin yanka ne, amma a cikin zafi da laima ya ruɓe ya yi ƙurji, ga zazzaɓin cizon sauro a kai. Har ya nemi a tafi a bar shi don kada ya ja wa sauran halaka, Kermit ya ƙi. Likitan ayarin ya tsaga ƙurjin ba tare da allurar kashe zafi ba. Da suka fito a ƙarshen Afrilu ya zubar da fiye da kilo 20. Gwamnatin Burazil ta sa wa kogin sunansa, amma zazzaɓin da ciwon ƙafar sun riƙa dawo masa har ya rasu ranar 6 ga Janairu 1919 yana da shekara 60.