Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙwayar da Aka Ce Tana Warkar da Ciwon Sukari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifiyata tana fama da ciwon sukari da hawan jini, kuma ta daɗe a kan maganin da likita ya ɗora ta. Kwanakin baya aka turo mata wani bidiyo ta WhatsApp, inda wani mutum sanye da farar riga yake tallar ƙwayoyin ƙarin gina jiki, yana cewa daga tsirrai zalla aka haɗa su, kuma suna kawar da sukari da hawan jini da ciwon gaɓoɓi cikin wata guda. An kuma nuno mutane suna rantsuwa cewa sun warke. Yanzu ta ƙudurta ajiye maganin asibiti, tana cewa gani ya kori ji. Yaya zan bambance gaskiya da talla? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Kafin komai, ki lallashe ta kada ta ajiye maganinta ko da na kwana ɗaya ne ba tare da sanin likitanta ba, domin sukari da hawan jini suna iya yin ɓarna a ƙoda da ido da jijiyoyi alhali mai su yana jin kansa garau.

Abin da Mama ta gani a bidiyon shi ne waɗanda mai talla ya zaɓa ya nuna. Wanda ya sha bai ga canji ba, da wanda jikinsa ya rikice aka kwantar da shi, babu mai kai musu kyamara. Ban da haka, cututtuka da yawa suna tashi suna lafawa da kansu, kuma mutum yakan sayi sabon magani ne a ranar da ciwo ya fi tsananta, saboda haka sauƙin da zai biyo baya ko da bai sha komai ba, sai ƙwayar ta tafi da yabonsa. Tambayar da ke raba hujja da labari guda ce: an kwatanta waɗanda suka sha da wasu masu irin ciwonsu da ba su sha ba, ta hanyar ƙuri'a, kuma mutum nawa ne?

Ko masana ma wannan tambaya ta taɓa ba su kunya. An daɗe ana lura cewa masu yawan cin ganyaye da 'ya'yan itatuwa ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, sai aka zaci sirrin yana cikin sinadarin beta-karotin. A ƙasar Finland aka gwada shi a kan maza masu shan taba fiye da 29,000, wasu aka ba su ƙwayar gaske, wasu kuma ƙwayar da babu komai a cikinta. Da sakamakon ya fito a 1994, sai aka ga kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a tsakanin masu shan beta-karotin, kuma a 1996 aka dakatar da wani gwaji makamancinsa a Amurka tun kafin wa'adinsa saboda dalili iri ɗaya. Wannan fa sinadari ne da ake samu a cikin tsirrai, don haka cewa abu daga tsirrai yake ba ta isa ta wanke shi ba.

Masu talla suna son cewa kayansu daga Amurka aka shigo da su, kamar hakan shaida ce. A can, tun dokar da aka kafa a 1994, ba a tilasta wa kamfanin ƙwayoyin ƙarin gina jiki ya tabbatar wa hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, cewa kayansa suna aiki kafin ya fito da su kasuwa, saɓanin magungunan asibiti. Abin da aka hana shi shi ne iƙirarin warkar da cuta. Ki juya robar ki duba ƙananan rubutun da ke bayanta, sau da yawa za ki tarar an rubuta cewa ba a yi ta don magance ko hana wata cuta ba. Idan bakin mai talla ya faɗi abin da kwalin ya ƙi faɗa, ni kwalin nake gaskatawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙwayar da take aiki da sauri. Hukumomi sun sha kama irin waɗannan kayayyaki an ɓoye magungunan asibiti a cikinsu: maganin rage sukari a cikin na masu sukari, sitiroyid, wato wani magani mai ƙarfi na rage kumburi, a cikin na ciwon gaɓoɓi. Idan Mama ta haɗa irin wannan da nata, za ta sha magani ninki biyu ba ta sani ba, sukarinta ya faɗi warwas, gumi da rawar jiki su biyo baya, wani lokaci har da suma. Idan har an riga an saya, ki ɗauki robar da kwalinta ku kai wa likita ko masanin harhaɗa magunguna. Ki kuma nemi sunan mai farar rigar da asibitin da yake aiki, sannan ki duba ko shi ne mai karɓar kuɗin.

Tambaya: Malam, ina da juna biyu, kuma a wurin awo an ba ni ƙwayoyin ƙarin jini da folik asid. Wata ƙawata ta ce duk irin waɗannan kasuwanci ne kawai. In ci gaba da sha? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ki ci gaba, Malama, domin waɗannan sun tsallake irin gwajin da muka ambata a sama. Wani babban bincike da aka jagoranta daga Birtaniya ya nuna a 1991 cewa folik asid yana rage haihuwar jarirai masu tawayar laka da ƙwaƙwalwa ƙwarai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba mai ciki shawarar shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kullum. Kada dai ki ƙara wata ƙwaya da kanki, musamman mai bitamin A da yawa, domin yawansa yana cutar da ɗan tayi. Idan kika ga bayan gidanki ya yi baƙi, aikin sinadarin ƙarfen ne, amma idan tashin zuciya ya matsa miki, ki gaya wa ungozoma ta sauya miki lokacin sha.