An yi mini tiyatar rage tumbi, yanzu rama ta ƙi tsayawa

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 36, ina zaune a Kano, 'ya'yana uku. Wata 20 ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba a Alƙahira, irin wadda ake kira baifas. Kafin aikin nauyina kilo 118 ne, ga ciwon suga ga ciwon gwiwa. Alhamdu lillahi sugan ya sauka, har na daina shan magani. To amma yanzu na koma kilo 47, tsawona mita 1.62, kuma har yau raguwa nake yi. In na ci tuwo ko nama, loma uku sai ya tokare mini a ƙirji, sai na yi amai nake samun sauƙi. In na sha lemo ko shayi mai suga don in ji ƙarfi, sai zuciyata ta riƙa bugawa, gumi ya karyo mini. Gashina yana zuba. Bitamin ɗin da na zo da su sun ƙare tun bara, ban sake saye ba. A gidan biki har an fara tambayar mahaifiyata wai ko wani ciwo nake ɓoyewa. Wata ƙawata ta kawo mini ƙwayoyin sa ƙiba. In sha? Me zan ci in murmure ba tare da na koma gidan jiya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara sauƙi. Ƙwayoyin nan ki ajiye su, kada ki sha ko ɗaya. Zan faɗa miki dalili a gaba. Akwai abin da ya fi su gaggawa.

Na lissafa ma'aunin jikinki, wanda ake kira BMI: nauyi a raba shi da tsawo sau tsawo. Naki ya kama 17.9, kuma duk abin da ya gaza 18.5 rama ce a wurin likita. Bayan irin wannan aiki, yawanci nauyi yakan kai ƙarshen saukarsa tsakanin wata 12 zuwa 18, daga nan ya tsaya, har ma ya ɗan ƙaru. Ke kuwa kin kai wata 20, kina ci gaba da zubewa, ga amai. Wannan ba aikin tiyata ne ya yi kyau da yawa ba. Akwai abin da ke hana abinci shiga ko hana shi amfani, kuma sai an gano shi kafin maganar girki ta yi tasiri.

Ga yadda cikinki yake yanzu. An ware ɗan aljihu daga saman tumbi, kwatankwacin girman ƙwan kaza ko ma bai kai ba, aka ɗinke shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Sauran tumbin da farkon hanjin suna nan, amma abinci ba ya bi ta cikinsu. Wannan mahaɗa da aka ɗinke ita ce nake zargi. Takan tsuke saboda tabo, ko gyambo ya fito a bakinta. Alamar kuwa ita ce wadda kika faɗa da bakinki: ruwa ya wuce, tuwo da nama su tokare. Ana gane wannan da bututun kyamara da ake zurawa ta baki, kuma ana yin sa a manyan asibitocin koyarwa na ƙasar nan, ba sai kin sake hawa jirgi ba. In tsukewa ce, ana buɗa ta da wani ɗan balo ta cikin bututun, wani lokaci sai an maimaita. In gyambo ne, magani ake sha na wasu watanni. Ina so kuma ki duba jakarki: in kina shan ibuprofen ko diclofenac saboda gwiwa ko ciwon mara, ki daina daga yau, domin su ne kan gaba wajen haƙa gyambo a wannan mahaɗa. Taba da shisha ma haka.

Ranar da za ki ga likita, ki tafi da takardar bayanin aikin da aka yi miki. In ba a ba ki ba, ki rubuta wa asibitin su turo miki. Baifas ba iri ɗaya ba ce, kuma tsawon hanjin da aka tsallake ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wanda aka tsallake masa da yawa, ko ya ci abinci jikinsa ba ya tsotsar isasshe. Wannan matsala ce da muke yawan gani ga waɗanda aka yi wa aiki a Masar ko Indiya ko Turkiyya: aikin ya yi kyau, an dawo gida, amma babu wanda ke bibiya. Alhali rabin wannan tiyata bibiya ce, kuma ta har abada ce.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonki ki riƙe shi da kyau. Ajiyar bitamin B1 a jikin ɗan Adam ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku. Mai yawan amai, wadda kuma ta daina shan bitamin, tana iya ƙarar da ita ba ta sani ba, kuma rashinsa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake taɓawa. In kika ji jiri da tangaɗi wajen tafiya, ko kina ganin abu biyu-biyu, ko mutanen gida suka ga kina rikicewa a magana, ko ƙafafunki suka yi sanyi kina jin kamar ana tsira musu allura, asibiti za a kai ki a ranar. Kuma kada a kira mai kemis ya ɗaura miki ƙarin ruwa a gida don a ce kin galabaita. Ruwan da ke da suga, in aka sa wa mai ƙarancin B1 kafin a yi masa allurar bitamin ɗin, yana iya jefa shi cikin lahanin da ba ya gyaruwa. Ki gaya wa maigidanki da mahaifiyarki wannan, saboda ranar da abin zai faru ba lallai ki iya yin bayani ba. Haka nan ciwon ciki mai murɗa da ya ƙi lafawa, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, ko kumburin ƙafafu, duk ba na jira ba ne.

Za a ɗebi jini a duba yawansa, da ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini), da B12, da folik asid, da bitamin D, da kalsiyam, da albumin (furotin ɗin da ke cikin jini), da aikin hanta da ƙoda. Zubar gashin da kike gani, yawanci ƙarancin furotin ne da ayon da zink. Likita mai lura zai kuma auna tarin tibi, da ƙanjamau, da aikin tayirod (halittar da ke gaban wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci), ya sake duba suga. Kada ki ɗauki wannan a matsayin ya gaskata surutun gidan biki. Wanda aka yi wa tiyata ma yana iya kamuwa da abin da ke ramar da kowa, kuma kuskure ne a jingina komai ga aikin.

Batun lemo da shayi mai suga kuwa, ga abin da ke faruwa. Da can tumbinki yana da ƙofa a ƙasansa mai sakin abinci kaɗan-kaɗan. Yanzu abinci ba ya bi ta wannan ƙofa, sai zaƙin ya zube cikin hanji gaba ɗaya, ya janyo ruwa daga jini. Shi ne bugun zuciya da gumi da murɗar ciki cikin minti 10 zuwa 30. Wani lokaci kuma bayan awa ɗaya zuwa uku sai sugan jini ya faɗi warwas, mutum ya kama rawar jiki. Saboda haka duk shawarar da aka saba ba ramamme, a sha lemon malt da madara, a sha kunun zaƙi, a ci alawa da cincin, ke ba taki ba ce. Wahala za ta ƙara miki, ga gudawa, ga ƙarin rama.

To me za ki ci? Aljihunki ƙarami ne, don haka kowace loma sai ta zama mai daraja. Tuwo da shinkafa da burodi da taliya suna cika wurin su kumbura, amfanin da suke bari kaɗan ne. Abin da jikinki ke kuka a kai shi ne furotin, mai gina tsoka. Mafi ƙaranci giram 60 a rana, ke kuma ina so ki doshi 80. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. Kofin madara yana da kusan 8. Gyaɗa, kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne. Kin ga ke nan ba a zama uku za ki haɗa wannan ba. Sau shida zuwa takwas za ki riƙa ci, duk bayan awa biyu zuwa biyu da rabi, kuma da agogo, ba da jin yunwa ba, domin aikin ya rage miki jin yunwar. Ki sa ƙararrawa a waya.

Ki kwatanta yini kamar haka. Da safe ƙwai ɗaya ko biyu, a soya shi da laushi, kada ya ƙone ya yi tauri. Da hantsi rabin kofin kindirmo ba suga, ki dama cokali biyu na madarar gari a ciki. Ki tabbata da dafaffiyar madara aka yi shi. Da rana alale mai kifi, ko farfesun kifi, ko kaza da ta dahu luguf. Da la'asar awara, ko kunun gyaɗa mai kauri wanda gyaɗar ta rinjayi shinkafar, ba suga. Da dare miyar taushe ko ta agushi ko ta gyaɗa da niƙaƙƙen nama, ki fara da naman da miyar, in wuri ya rage ki sa lomar tuwo ɗaya ko biyu. Kafin barci ɗan kindirmo kuma. Dambun nama yana karɓar mutane da yawa in an jiƙa shi da miya. Garin ƙuli-ƙuli abin barbaɗawa ne a kan kusan komai. Hanta sau ɗaya a mako tana taimaka wa jini. Kilishi da tsire da soyayyen nama kuwa ki ɗaga musu ƙafa tukuna, busasshen nama shi ya fi tokarewa. Har a duba mahaɗar nan, ki tsaya kan masu laushi da masu ruwa-ruwa. Ki tauna kowace loma sai ta zama kamar kunu, ki ɗauki minti 20 zuwa 30 kina ci, da kin ji nauyi a ƙirji ki tsaya.

Maiƙo shi ne hanyar ƙara ƙarfin abinci ba tare da ƙara yawansa ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man zaitun yana da kusan kalori 120. Ki fara da ƙaramin cokali a miya ko alale, ki riƙa ƙarawa. Man shanu, riɗi, tunkuza, fiya, duk suna cikin wannan sahu. Amma in kika ga bayan gida ya koma fari-fari, mai maiƙo, yana yawo a saman ruwa da wari mai tsanani, jikinki ba ya narkar da man ke nan, ki gaya wa likita, akwai maganin da ke taimakawa.

Ruwa kuma ba a haɗa shi da abinci. Ki daina sha kamar rabin awa kafin ci, ki jira rabin awa bayan ci, sannan ki riƙa kurɓa tsakanin lokutan har ki haɗa aƙalla lita ɗaya da rabi a yini. Da zafin Kano ma ya kamata ki fi haka.

Bitamin ba na 'yan watanni ba ne, na tsawon rai ne, domin sashen hanjin da ya fi tsotsar ayon da kalsiyam shi aka tsallake. Kina buƙatar haɗaɗɗen bitamin kullum, da kalsiyam miligiram 1200 zuwa 1500 a rarrabe cikin yini, da bitamin D, da ayon tunda kina jinin al'ada, da B12 wanda galibi allura ake yi duk wata uku. Ayon da kalsiyam a raba su da awa biyu, kuma kada a kora ayon da shayi. Na san kuɗinsu yana da nauyi a wannan zamani. Ki faɗa wa likitanki gaskiyar abin da za ki iya, a zaɓar miki masu sauƙin kuɗi da ake samu a gida. Hakan ya fi a bari gaba ɗaya.

Ƙwayoyin ƙawarki kuwa, irin waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, galibi ɗayan biyu ne: cyproheptadine mai buɗe ciki da sa barci, ko dexamethasone. Na farkon zai sa ki ji yunwa alhali ƙofar a tsuke take, amai zai ƙaru. Na biyun kumburi yake kawowa a fuska da ciki, ya cinye tsoka, ya raunana ƙashi, ya ƙara haɗarin gyambo, ya kuma dawo miki da sugan da kika sha wuya kika rabu da shi.

Yanzu ga maganarki ta ƙarshe, ta komawa gidan jiya. Na ji ta, kuma ban raina ta ba. Macen da ta yi shekaru ana mata gorin ƙiba, ta kashe dukiya ta kwanta aka yanka ta, ba abin mamaki ba ne in hannunta na rawa duk lokacin da sikeli ya ƙara rabin kilo. Wasu har sukan riƙa rage ci da gangan suna cewa cikin ne ba ya karɓa. Ki tambayi kanki tsakaninki da Allah ko akwai wannan a tare da ke. In akwai, ki faɗa wa likita, a haɗa ki da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne. Abin da muke nema kilo 53 zuwa 56 ne, wato ƙarin kilo 6 zuwa 9, a hankali, kwata zuwa rabin kilo a mako. Awo sau ɗaya a mako ya isa, da safe, a sikeli ɗaya. Da zarar ƙarfi ya fara dawowa, ki haɗa da motsa jiki mai gina tsoka, kamar tashi da zama a kujera da ɗaga gorar ruwa, sau biyu ko uku a mako, don abin da zai dawo ya zama tsoka ba kitse zalla ba.

A wannan hali ban ba ki shawarar yin azumi ba, na nafila ko na farilla, sai nauyin ya daidaita kuma likitanki ya amince. Rashin lafiya uzuri ne da addini ya sani, ki tuntuɓi malaminki kan ramuwa. Juna biyu ma a dakata, kuma ki sani ƙwayar tazarar haihuwa ta sha ba abin dogaro ba ce bayan baifas, a zaɓar miki wata hanyar.

In an buɗa mahaɗar, an gyara ci, amma bayan wata biyu zuwa uku sikeli bai motsa ba, ko albumin ya ci gaba da sauka, akwai matakai na gaba: ciyarwa ta siririn bututu na ɗan lokaci, ko a sake aiki a rage tsawon hanjin da aka tsallake, har ma a mayar da tsarin yadda yake in ta kama. Ba kasafai ake kaiwa can ba. A wannan makon dai ki nemi likitan ciki ko likitan tiyata da mai ilimin abinci na asibiti, ki koma shan bitamin tun yau, ki kuma fara rubuta duk abin da kika ci da lokacin da kika yi amai a ɗan littafi, ki tafi musu da shi tare da takardar aikin. Allah Ya ba ki lafiya, Hajiya.