Bashi ya hana ni barci, ana mini barazana da jandarma: me doka ta ce?

Tambaya

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe lauya. Ni direba ne a wani kamfani a Garwa, albashina sefa 120,000 a wata, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Bara da mahaifiyata ta kwanta asibiti na ci bashi a wani ƙaramin banki, yanzu saura 600,000. Ina biyan 45,000 duk wata, ƙanin matata ne ya tsaya mini, amma wata biyu ke nan ban biya ba. Akwai kuma wani ɗan kasuwa da na karɓi buhunan shinkafa na 250,000 a hannunsa, ya ce zai kai ni jandarma. Haya ma ana bi na wata biyu, 40,000. Na daina ɗaukar waya, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi, dare kuwa ido biyu nake kwana. Matata ba ta san yawan kuɗin ba. Za a iya ɗaure ni? Za a iya kwashe mini kayan gida?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya yaye maka wannan nauyi. Bashin jinyar uwa ba abin kunya ba ne. Abin da ya fi damuna a wasiƙarka ba 890,000 ɗin ba ne, wayar nan ce da ka daina ɗauka. Doka ta ba mai cin bashi kariya fiye da yadda kake zato, amma kusan kowace kariya tana da wa'adin kwanaki, wanda ya ɓuya kuwa wa'adin kan wuce bai sani ba.

Mu fara da ɗauri, tunda shi ke hana ka barci. Kasa biyan bashi, shi kaɗai, ba laifi ba ne. Kamaru ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa tun 1984, sashe na 11 nata kuma ya hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ya ƙulla. Jandarma da 'yan sanda ba aikinsu ba ne karɓo wa mutane bashi. Sai dai akwai ƙofofi da bashi kan bi ya koma laifi, kuma kowane ɗaya cikin masu binka yana tsaye kusa da ɗaya.

Ƙofa ta farko batun shinkafa ne, kuma ya rataya ne a kan yadda kuka yi da ɗan kasuwar. Idan sayar maka ya yi, kuka yanke farashi a kan za ka biya daga baya, ciniki ne, shinkafar ta zama taka, abin da yake binka kuɗi ne, hanyarsa kuwa kotun farar hula. Idan kuma ba ka ya yi ka sayar masa ka kawo kuɗin, kai kuma ka kashe, wannan cin amana ne a sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na 2016, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Tazarar da ke tsakanin biyun kalma ɗaya ce, shi ya sa masu bin bashi kan je ofishin jandarma su ce "amana na ba shi". Ka adana duk abin da ke nuna ciniki ne: rasiti, saƙon waya, saƙon murya na WhatsApp, sunan wanda yake wurin ranar da aka loda buhunan.

Idan takardar sammaci ta zo, ka je, ka tafi da wani babba naka da katin ɗan ƙasa. Ka amsa abin da ka san ana binka, ka ce bashin ciniki ne. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko wadda aka bar wurin adadi a buɗe, ko wadda ta ce za ka biya duka cikin mako guda. Mutane kan sa hannu don a sake su su koma gida, sannan takardar ta zama igiya a wuyansu. Tsarewar bincike awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, ƙari a kan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Idan aka tsare ka a kan bashi tsantsa, danginka su rubuta masa koke a ranar, ko lauya ya nemi shugaban babbar kotu ya ba da umarnin a sake ka.

Ƙofa ta biyu ta banki ce. Dokar 24 ga Disamba 2019 kan rancen bankuna da ƙananan bankuna ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 ga wanda ya ƙi biya da mugun nufi, kuma ana iya hana shi karɓar rance nan gaba. Mugun nufin shi ne ginshiƙi. Mutumin da ya biya watanni, ya gaza, ya rubuto yana neman sassauci, yana kai ɗan abin da ya samu, da wuya a jingina masa mugun nufi. Wanda ya kashe waya, ya sauya layi, ya ɓace, shi da kansa yake tara wa banki hujja. Ka ga dalilin da ya sa na fara da wayar.

Ta uku haya. Sashe na 322-1 na kundin hukunta laifuka ya ce ɗan hayar da yarjejeniyarsa ke da rajista, ana binsa wata biyu, aka aika masa gargaɗi a hukumance, ya yi wata guda bai biya ba kuma bai tashi ba, ana iya ɗaure shi wata 6 zuwa shekara 3. Yawancin hayar unguwanninmu da baki ake yi, ba rajista, amma ko ba ɗauri, rufin da ke kan 'ya'yanka ne. Wannan 40,000 ita ce mafi ƙanƙanta, kuma ita za a fara kashewa.

Yanzu kayan gida. Ba mai bin bashin da ke da ikon shigowa ya ɗauki katifa ko babur da hannunsa. Dokar karɓar bashi ta OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka), wadda Kamaru da Cadi da wasu ƙasashe 15 ke aiki da ita, an sabunta ta a 2023, sabuwar ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairu 2024. Hanyar da aka fi bi ita ce mai bin bashi ya samo umarnin biya daga alƙali ba tare da an kira ka ba. Takardar da Faransanci take zuwa, za ka ga an rubuta "injonction de payer", kuma wisiye ne zai kawo ta, wato jami'in da ke kai takardun shari'a da kama kaya. Daga ranar da ta shiga hannunka kana da kwana 10 ka shigar da ƙin amincewa. A tsohuwar doka kwana 15 ne, har yanzu wasu na faɗin haka, kada su ruɗe ka. Ƙin karɓar takarda ba dabara ba ce. Ka karɓa, ka rubuta kwanan wata a bayanta, ka nemi lauya washegari. Idan ka shigar da ƙin amincewa, alƙali sai ya fara gwada sulhunta ku, a nan ne ake duba lissafi, a ga ko an ɗora tara da ruwan da ba su cikin yarjejeniya. Idan ka yi shiru, umarnin ya zama hukunci. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman tallafin shari'a a ƙarƙashin dokar 14 ga Afrilu 2009, a tambayi magatakardar kotu.

Ko hukunci ya tabbata, sai an ba ka takardar gargaɗin biya aƙalla kwana 8 kafin a kama kaya. In ba da izini na musamman daga alƙali ba, wisiye ba ya aiki ranar Lahadi ko ranar hutu, ba ya farawa kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 6 na yamma. Saboda haka bugun ƙofar da ke tsinka maka zuciya da daddare ba na kama kaya ba ne. Shimfiɗar kwana, tufafi da abin da iyali ba sa rayuwa sai da shi ba a taɓa su. Abin da aka rubuta an kama yakan zauna a hannunka, kana da wata guda ka nemi mai saye da kanka, wanda ya fi gwanjo daraja nesa ba kusa ba. Amma kada ka ɓoye ko ka sayar da shi a asirce, wannan laifi ne mai zaman kansa. Kayan ɗakin da matarka ta zo da su daga gidansu tana iya neman kotu ta cire su, sai ta tanadi rasiti ko shaidu, a kuma duba abin da takardar aurenku ta ce game da dukiya.

Albashi shi ne wurin da lissafi zai sanyaya maka rai. Ba a yankar sa sai da hukunci, kuma sai an kira ku sulhu a kotu tukuna. Dokar 1994 ta ƙayyade abin da ake iya cirewa mataki-mataki: kashi ɗaya cikin goma na 18,750 na farko, ɗaya cikin biyar daga nan zuwa 37,500, rubu'i zuwa 75,000, sulusi zuwa 112,500, rabi zuwa 142,400. A albashin 120,000, jimlar ta kama 31,250. Ko masu binka sun kai goma, wannan za su raba, 88,750 na gidanka ne. Ka lura, 45,000 da kake biya ta zarce abin da kotu za ta iya cire maka da ƙarfi. Wannan adadi shi ne abin da za ka riƙe ka shiga ofishin banki.

Sashe na 39 na dokar OHADA ya ba alƙali ikon jinkirta biya ko rarraba shi, har ya ce a fara cire abin da ka biya daga uwar kuɗi, amma iyakarsa shekara ɗaya, kuma bai shafi bashin ceki ba, don haka kada ka ba kowa ceki a matsayin jingina. A ganina wannan sashe ba zai fid da kai ba: 600,000 a wata 12 ya zama 50,000 a wata. Sulhu da bankin ya fi maka, don shi yana iya yarda da shekara biyu ko uku.

Ka zauna da biro da takarda. A misali, haya 20,000, abinci 55,000, wuta da ruwa 6,000, makaranta da magani 9,000, saura 30,000. Wata huɗun farko, 10,000 ga mai gida a kan hayar wata, 15,000 ga banki, 5,000 ga ɗan kasuwa. Daga wata na biyar, 20,000 ga banki, 10,000 ga ɗan kasuwa. Ka gyara adadin daidai da gidanka, amma kada ka yi alkawarin abin da sai ka rage tukunya za ka cika. Alkawari ƙarami da ake cikawa ya fi babba da za a karya a wata na biyu. Ga banki ka rubuta wasiƙa, ka haɗa takardar albashi da takardun asibiti, ka nemi a tsawaita wa'adi a yafe tarar jinkiri, ka kai kwafi biyu a buga maka hatimi a ɗaya. Ga ɗan kasuwa ka nemi liman ko jauron unguwa ya zaunar da ku. Liman ya san aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta ce a saurara wa mai ƙunci har ya samu sauƙi. A rubuta adadi da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu, kuma ko dubu biyar ka ba da, ka karɓi rasiti. Masu ba da kuɗi da ruwa a unguwa da manhajojin rance na waya, kada ka kusance su don toshe wannan rami.

Akwai mutum biyu da ya kamata su ji daga bakinka a wannan makon. Na farko surukinka, wato ƙanin matarka da ya tsaya maka a banki. Idan ya rubuta adadin da hannunsa, da harufa da lambobi, ya sa hannu, banki na iya binsa bayan ya gargaɗe ka ba ka biya ba. Idan bai iya rubutu ba, doka ta ce sai da shaidu biyu, in babu su, tsayawar tasa abin ƙalubalanta ce. Gara ya ji daga gare ka da ya ji daga wisiye a ƙofar shagonsa. Ta biyu uwargida. Ita ke riƙe da cefane, kuma tana ganin ka tura kwanon tuwo gefe, tana jin juyinka a shimfiɗa, wataƙila abin da take zargi ya fi gaskiyar muni. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka ajiye takardar lissafin a tsakaninku, ka faɗi adadin duka sau ɗaya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mace da ta san inda aka dosa ta fi iya jan buhun masara ya kai ƙarshen wata.

Game da waya, ka keɓe mata lokaci. Ka gaya wa masu binka cewa kana ɗaukar kira bayan la'asar, ka ɗauka, ka maimaita magana ɗaya: ga abin da zan biya, ga ranar. Wanda ya zage ka ko ya yi maka barazana, ka adana saƙon, barazana ma laifi ce. Bayan isha'i ka rufe littafin lissafi, ba bashin da ake biya ƙarfe biyun dare. Kai direba ne, da rashin barci kake hawa hanyar Garwa zuwa Ngaundere, albashin nan kuma shi ne abin da dukan tsarin ya dogara a kai. Idan rashin barcin ya haura mako biyu, ko kana jin ciwon kai da bugun zuciya, ka je asibiti a auna jininka, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ke damunka. Idan kuwa zuciya ta fara raya maka cewa gara ka bar duniya, kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai, ka tashi matarka ko ka buga wa ɗan'uwanka a daren, da safe a raka ka wurin likita.

Ranar Litinin ka nemi banki ya ba ka kwafin yarjejeniyar rancen da cikakken lissafin abin da ka biya da abin da ya rage. Da su za ka rubuta wasiƙar, kuma su lauya zai fara tambaya idan takardar kotu ta riga sulhu isowa.