Likita Ya Amsa: Baƙin Cikin Lokacin Kulle da Ciwon Zuciya

Dokar kulle ta korona ta wuce, amma har yanzu wasiƙu na zuwa a kan abin da ta bari a jikin mutane. Ga huɗu daga ciki.

Likita, barka da aiki. Mahaifiyata shekarunta 63 lokacin da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020. A cikin kullen mahaifinmu ya rasu, ko zaman makoki ba a yi yadda aka saba ba. Kwana biyu da rasuwar ta dafe ƙirji, numfashi ya gagara, gumi ya karyo mata. A asibiti aka ce zuciyarta ta yi rauni, bayan wata biyu kuma aka sake hoto aka ce ta koma daidai. Dangi na cewa saura ƙiris ta haɗiyi zuciya. Akwai wannan a likitance? Zai iya dawowa? (Wata 'yar'uwa daga Kano)

Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Akwai shi, 'yar'uwa, kuma yadda kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da ciwon da muke kira takotsubo, wanda likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990.

Idan mutum ya shiga firgici ko baƙin ciki mai tsanani, jiki kan kwararo sinadarin adrenalin cikin jini. A wasu mutane yawansa kan sumar da wani sashe na naman zuciya. Ɗakin zuciya na hagu na ƙasa, wanda shi ke harba jini zuwa duk jiki, sai gindinsa ya daina matsawa ya kumbura, samansa kuma yana ta matsawa. A hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da na'urar sauti, sai ka gan shi kamar tulu mai siririn wuya. Bambancinsa da bugun zuciyar da aka fi sani shi ne, a can gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya har naman ya mutu. A nan jijiyoyin a buɗe suke, naman suma ya yi, shi ya sa yakan farfaɗo cikin makonni ko wata ɗaya zuwa biyu, kamar yadda na Hajiya ya yi.

Kusan tara cikin goma na masu kamuwa mata ne, yawancinsu kuma sun daina ganin al'ada. Kuma an lura yana ƙaruwa idan masifa ta faɗa wa gari, kamar bayan girgizar ƙasar Niigata a Japan a 2004. A zamanin korona, likitocin asibitin Cleveland Clinic a jihar Ohayo ta Amurka sun duba mutum 258 da suka zo da alamun bugun zuciya a watannin Maris da Afrilun 2020. Mutum 20 daga ciki, wato kashi 7.8 cikin 100, takotsubo ne, alhali kafin annobar bai kai kashi 2 ba. Dukkan su 20 ɗin an yi musu gwajin korona ba a samu ba. Ke nan ba ƙwayar cutar ce ta taɓa zukatansu ba. Abin da masu binciken suka zarga shi ne fargaba da kaɗaici da taɓarɓarewar samu.

Kada dai jin cewa yana warkewa ya sa a raina shi. A wani babban bincike na majinyata 1,750 da aka wallafa a 2015, kusan huɗu cikin 100 sun rasu a asibiti, kuma ba baƙin ciki kaɗai ke tayar da shi ba: tiyata ko rashin lafiya mai tsanani ma na jawo shi, wasu kuma ba a gano dalilin komai. Batun dawowa, yana faruwa ga kamar mutum biyu cikin 100 a shekara. Don haka Hajiya ta ci gaba da ganin likitan zuciya, kada ta ajiye magani sai da izininsa. Ni kam ina ganin hikima a al'adarmu ta ƙin dirar wa tsoho da labarin mutuwa kai tsaye, a fara da "jikin ya tsananta", a zaunar da shi, a kira wanda yake jin nauyi. Ku riƙe mata wannan.

Likita, ni ɗan adaidaita sahu ne, shekarata 29. Tun lokacin kulle da aka hana mu fita, ga balas na mai keke, ga iyali, nake fama da faɗuwar gaba. Zuciyata ta yi ta lugude, hannuna ya yi sanyi, in ji kamar mutuwa zan yi, bayan minti goma ko ashirin ya lafa. An yi min gwajin ECG, na auna yadda zuciya ke harbawa, sau biyu an ce ƙalau. (Wani matashi daga Zariya)

Malam, matashi mai shekarunka, gwaji ƙalau, abu ya taso farat ɗaya ya lafa da kansa cikin mintuna: wannan ya fi kama da ciwon fargaba. Ba ƙarya kake ba kuma ba ragwanta ba ce. Adrenalin ɗin nan dai ne, sai dai a wurinka gudu yake sa zuciyar, bai raunana ta ba.

Kafin a tsaya a nan, a auna maka yawan jini da sinadarin maƙogwaro na tayirod, don ƙarancin jini da yawan tayirod duk suna sa zuciya gudu. Sannan ka dubi abin da kake ɗura wa cikinka a bakin aiki: shayi mai kauri, goro, lemon ƙara kuzari na gwangwani, sigari, balle ƙwayoyin hana gajiya da ake miƙawa a tasha. Idan abin ya taso, faka keken, ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi a hankali fiye da yadda ka ja. Akwai magani kuma akwai jinya ta hira a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba hauka ba ne. Amma in ka taɓa sumewa, ko abin na zuwa maka lokacin aikin ƙarfi, ko wani a gidanku ya yi mutuwar fuju'a yana matashi, to eko ya zama dole.

Likita, mahaifina mai hawan jini ne. Da aka yi kulle bai samu zuwa asibiti ba, maganinsa ya ƙare, tun daga nan bai koma ba. Ya ce tunani ne ya kawo masa, yanzu kasuwa ta buɗe hankalinsa ya kwanta. Wani sa'in yana jin nauyi a ƙirji in ya yi tafiya. (Wani ɗa daga Maraɗi)

A nan ne hankalina ya fi tashi. Takotsubo ya yi suna a jaridu, amma ɓarnar da ta fi yawa a lokacin kulle ita ce irin ta mahaifinka: magani ya yanke, mutum ya ji ciwo ya zauna a gida don tsoron asibiti. A Ingila, masu zuwa asibiti da bugun zuciya sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100 zuwa ƙarshen Maris 2020, a Italiya kusan rabi. Ba ciwon ne ya yi sauƙi ba, mutanen ne ba su je ba.

Damuwa na ɗaga hawan jini, gaskiya ne, amma kwanciyar hankali ba ta warkar da wanda ya riga ya zauna. Yawancin masu shi ba sa jin komai har ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta gaza. Nauyin ƙirji da ke zuwa da tafiya ya lafa da hutu kuwa alama ce ta jijiyoyin zuciya sun fara tsukewa. Ka kai Baba a cikin makon nan a auna shi. 140 bisa 90 ko sama da haka a aune-aune daban-daban hawan jini ne. Ka lallaɓa shi, kada ka yi masa faɗa. In kuwa ciwon ƙirjin ya zo yana zaune, ya wuce minti goma sha biyar, ko ya sauka hannun hagu ko muƙamuƙi tare da gumi, ba a jiran gari ya waye. Ko mu likitoci ba ma iya raba bugun zuciya da takotsubo da ido, sai da ECG da gwajin jini na turofonin (sinadarin da ke fita idan naman zuciya ya ji rauni) da hoto.

Likita, matata ta haihu a cikin kulle. Bayan suna ƙafafunta suka kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da filo uku. Tsofaffi suka ce damuwa ce don ba a yi taron suna ba. Ta sha magani ta samu sauƙi. Yanzu muna son ƙarin haihuwa. (Wani magidanci daga Katsina)

Malam, wannan bai yi kama da ciwon damuwa ba. Kumburin ƙafa da haki da kasa kwanciya a miƙe bayan haihuwa alamu ne na raunin zuciya na masu jego, wanda kan zo daga watan ƙarshe na ciki zuwa 'yan watanni bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gado mai wuta. Binciken baya-bayan nan bai tabbatar su ne sanadi ba, amma kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta riga ta gaji kuwa ba ta ɗaukar wannan.

Samun sauƙi a jiki ba shi ne shaidar zuciyar ta warke ba. Idan ƙarfin bugunta bai koma daidai ba, sabon ciki na iya jefa ta cikin haɗari babba. Saboda haka kafin komai a yi mata eko a asibitin da ke da likitan zuciya, a tafi da katinta na wancan lokacin da kwalayen magungunan da ta sha, domin wasu magungunan zuciya ba su dace da mai ciki ba, sai an canja su tun kafin a samu cikin. Har zuwa ranar da likita zai ba ku amsa, ku yi tazara.