Yayan kwiyakwiyan karyata ya ci jarrabawar aiki a Jamus, in kulle ƙannensa a duhu don su yi zafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da karya berje, irin ta makiyayan Jamus, a gidana nan Garwa. A haihuwarta ta fari ƙanena da ke zaune a Jamus ya ɗauki namiji ɗaya. Bara ya turo mini hoton takarda wai karen ya ci BH, jarrabawar biyayya da natsuwa cikin jama'a, bana kuma ya ci IGP 1, matakin farko na jarrabawar karnukan aiki. Wallahi na ji daɗi ƙwarai, ko da yake abokai na yi mini dariya wai ina alfahari da kare. Yanzu ta sake haihuwa, guda shida, sati biyar ke nan, har mutane sun fara kawo kafin alƙalami. Wani mai horar da karnuka a unguwarmu ya ce in ina so su yi zafi kamar yayansu, in raba su da uwar tun yanzu, in kulle su a ɗaki mai duhu kada kowa ya taɓa su, a riƙa sa musu barkono da ɗan albarushi a abinci. Hankalina bai kwanta ba, don akwai yara ƙanana a gidan. Haka ake yi? Kuma zan iya ƙara musu kuɗi saboda takardar yayansu?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Barka da arziki. Masu dariya ka ƙyale su, ba su san abin da karen nan ya tsallake ba. Ba a karɓar kare a BH sai ya kai wata 15, IGP 1 kuwa sai wata 18, kuma sai da BH a hannu. IGP 1 kashi uku ce: bin sawu, biyayya da kariya, kowanne maki 100, wanda ya kasa kawo 70 ko da a ɗaya ne ya faɗi duka. Horar da kare kuma ba abin kunya ba ne a wurin Musulmi, Suratul Ma'ida ta ambaci dabbobin farauta da aka koya wa aiki, ta halatta abin da suka kamo.

Shi kuwa mutumin unguwarku, kada ka bari ya taka inda kwiyakwiyan nan suke. Da wuya mako ya wuce ban ji wannan magana ta duhu da barkono ba, wasu ma sun ƙara da tiramol, kuma duk mai faɗin ta rantsuwa yake yi cewa haka ake yi wa karnukan sojoji. Ka tambaye shi ko ya taɓa ganin yadda ake jarrabawar da yayan nasu ya ci. Ni bari in gaya maka.

Kafin a fara komai, sai an duba lambar shaidar da aka sa wa kare a ƙarƙashin fata, baƙo ya matso kusa da shi da na'ura. In ya yi gurnani ya kai hari, ko ya firgita ya ƙi tsayawa, an gama da shi tun daga nan. Rabin BH a kan titi ake yin sa. A bi da kare cikin mutane, mai keke ya wuce yana kaɗa ƙararrawa, mota ta tsaya a yi magana da mai shi, mai gudu ya gifta. Daga baya a ɗaure shi, mai shi ya ɓace masa da gani, wani ya wuce da nasa karen. Ana so ya tsaya cikin natsuwa. A kashin biyayya na IGP ana harba bindiga sau biyu yana tafiya a gefen mai shi babu igiya a wuya, wanda ya tsorata an fitar da shi. Ka san dokin hawan sallah a ƙofar fadar Lamido: wanda ake yabo shi ne wanda bindiga ke tashi bai zabura ba, linzami kaɗan ya ishe shi. To abin da alƙalin karnuka ke nema ke nan.

Har kashin kariyar da masu son zafi ke kafa hujja da shi, ka dubi yadda yake. Kare zai nemo mutum a maɓoyarsa, ya tsaya gabansa yana haushi, ba a yarda ya cije shi ba matuƙar yana tsaye cik. Sai ya gudu ko ya kawo hari ne zai kama, shi ma a hannun riga mai kauri da aka yi don haka, ba a wani wuri ba. Da an ce ya saki, ya saki. Karen da aka ba umarni har sau uku bai saki ba, an kore shi daga jarrabawar gaba ɗaya, komai kyan bin sawunsa. Wato takardar da ƙanenka ya turo maka shaida ce cewa karen nan yana jin magana a daidai lokacin da jininsa ya fi tafasa.

Ɗakin duhu kishiyar wannan yake haifarwa. Daga wajen sati 3 zuwa 12 ne kwikwiyo ke koyon abin da zai ɗauka ba komai ba ne a duniya: muryar yaro, ƙarar babur, akuya, mai babbar riga da rawani, mace da tulu a ka. Abin da bai saba da shi ba a wannan ɗan tsakani, da wuya ya daina tsoronsa har ya tsufa. Naka yanzu suna tsakiyar lokacin. Kuma a wurin uwa da 'yan uwa suke koyon sassauta cizo, in ɗaya ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi aka yi ƙara aka daina wasa da shi, ya ɗauki darasi. Shi ya sa ba a raba su kafin sati 8. Wanda aka kulle shi kaɗai matsoraci yake fitowa, ka gan shi gashin baya a tsaye, kunnuwa a kwance, wutsiya a tsakanin ƙafafu, yana haushin kowa, jama'a na cewa kai, wannan kare akwai zafi. Ɓarawo mai sanda in ya tsaya ya daka masa tsawa, baya zai ja. Wanda zai samu ya ciza shi ne wanda bai fi ƙarfinsa ba, yaron gida da ya zo ɗaukar ƙwallo ko almajiri a bakin ƙofa, kuma tsayin yaro daidai yake da bakin kare, a fuska da wuya raunin ke samun sa.

Barkono kuwa ciki yake ƙonawa, ya sa amai da zawo, kwikwiyo ɗan sati biyar mai zawo a zafin Garwa ruwan jikinsa ba ya daɗewa ya ƙare. Albarushi guba ne, ba wata magana. In kare ya riƙa faɗa bayan an ba shi, ciwo ne ke cin sa. Tiramol maganin ciwo ne da likita ke aunawa, ba abin zubawa a tuwon kare ba.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wanda waɗannan mutane ba sa tunaninsa. Ciwon haukan kare yana nan a ƙasarmu Kamaru da Cadi, kuma cikin alamunsa na farko akwai sauyin hali: kare mai hankali ya wayi gari yana kai cizo ba dalili. A gidan da aka saba karensu na cizon kowa, wa zai lura? Sai a ce halinsa ne, a shafa wa yaro toka a ciwon a kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda dabbar da ake zargi da hauka ke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Duk wanda kare ya ciza a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti a ranar. Dabba amana ce, wanda ya azabtar da ita da gangan har ta zama sanadin raunata ɗan maƙwabci, hakki biyu ya ɗauka.

Abin da za ka yi ba shi da yawa. Bar su da uwarsu. A ba su maganin tsutsar ciki, a fara allurar rigakafi a sati 6 zuwa 8, a maimaita yadda likita ya tsara, ta hauka kuma a wata 3, a wurin likitan dabbobi mai firji, ba mai yawo da allura a jaka cikin rana ba. A kula da kaska. Yaranka su riƙa ɗaukar su a hankali, babba na kallo. Horo da ɗan nama da yabo, minti kaɗan, bayan asuba ko da yamma liƙis.

Maganar kuɗi: takardar ta yayansu ce shi kaɗai, da lambar jikinsa aka rubuta ta. Abin da ake gado shi ne dakiyar zuciya da son aiki, haka ma ciwon ƙugu da ya yi wa berje katutu. Tun da wani Bajamushe, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar masu kiwon berje a Jamus a 1899, aiki aka sa a gaba wajen zaɓen wanda zai yi barbara, kuma a yau ƙungiyar ba ta yarda da shi sai an ɗauki hoton ƙashin ƙugu, daga wata 12. Ba ka ce mini ubansu ɗaya da yayan ba. In ɗaya ne, ka faɗa wa mai saye, ka nuna masa hoton takardar, ka ƙara kuɗinka ba laifi. In ba ɗaya ba, shi ma ka faɗa. Cikin masu kafin alƙalamin kuma, duk wanda tambayarsa ta farko ita ce wanne ya fi mugunta, ka je ka ga gidansa tukuna. In sarƙa ka tarar a tsakar rana babu inuwa, mayar masa da kuɗinsa.