Monstera Mai Farin Ganye: Wacce Ta Cancanci Kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Na ga shukar Monstera guda biyu wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Ɗaya ganyenta fari fat, ɗayar kuma rodi-rodi ce, kore da fari, sai mai su ya tsawwala kuɗin farar. Wacce zan ɗauka don falo? Daga wata uwargida a Madina, Accra.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ɗauki mai rodi-rodin, ko da a ce kuɗinsu ɗaya ne. Koren da ke jikin ganye shi ne ke haɗa wa shuka abinci daga hasken rana, farin kuwa ado ne da ke ci daga gumin koren, shi ya sa ganyen da ya zama fari gaba ɗaya ba ya daɗewa sai ya yi ruwan ƙasa ya bushe. Kafin ki biya, ki ɗaga ganyen ki duba karan, domin idan akwai zanen fari da kore a jikinsa, musamman kusa da gaɓar da toho ke fitowa, ana sa ran sabbin ganyen su fito da launi biyu. Ki kuma tambayi irinta. Wadda ake kira Albo takan koma kore zalla, Thai Constellation kuwa ta fi riƙe launinta.

Asalin wannan shuka dazuzzukan kudancin Meziko ne zuwa Panama, inda take hawa manyan itatuwa a cikin inuwa mai haske, saboda haka ranar tsakar gida za ta ƙona farin, lungu mai duhu kuma zai hana ta girma. Kusa da tagar da ke kallon gabas, ko bayan labule mai shara-shara, nan ne wurinta. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yawancin masu rasa ta ƙauna ce ke sa su cika mata ruwa har saiwar ta ruɓe. Ki sa yatsa cikin ƙasar, sai kin ji saman ya bushe sannan ki ba ta, musamman daga Afrilu zuwa Yuli da damina ke da ƙarfi. Tukunyar ta zama mai huji a gindi, a gauraya ƙasar da gutsuren gawayi da ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka wanke, wanda ba ya wahalar samu a Accra. Idan hunturu ya shigo a Disamba, ki riƙa goge ƙurar ganyen da tsumma mai laima. Ki ɗora ta inda yara ba za su kai ba, domin tauna ganyenta na sa zafi da kumburin baki.

Tambaya: An tallata mini ƙwayar irin Monstera Albo a Facebook da araha. In saya? Daga wani magidanci a Nima.

Amsa: Kada ka saya, Malam. Farin Albo ba ya bin ƙwayar iri, ta hanyar yankan reshe ake yaɗa shi. Ka nemi reshe mai gaɓa da ido lafiyayye, wato wurin da toho zai fito, wanda ya riga ya fitar da saiwa, kuma ka gan shi da idonka kafin ka tura ko sidi ɗaya.