Da gaske ana koya wa soja dabarun yaƙi da wasan kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne ana horar da sojan ƙasa da wasan kwamfuta, ko kuwa cika bakin masu sayarwa ne. Da gaske ne, kuma abin ya kwana biyu. Tun a 1824 hafsoshin Furusiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, suka fara wasan yaƙi a kan taswira. A 1996 sojojin Marin na Amurka suka sauya fasalin wasan Doom II, ana zaunar da mutum huɗu kowa da kwamfutarsa: shugaban tawaga, mai mashin-gan, da masu bindiga biyu.

Ni dai wanda ya fi burge ni shi ne wasan Close Combat, don sojojin cikinsa suna jin tsoro. Ka umarce su da su ratsa fili fetal alhali mashin-gan na ruwan wuta, sai ka ga sun kwanta rub da ciki, sun ƙi motsi, wani ma ya ranta a na kare. Dole ka sake lale. Rukuni ɗaya ya yi ta harbi don abokan gaba su kasa ɗaga kai, a jefa hayaƙi, ɗayan kuma ya lallaɓa ta bayan katanga ya ɓullo musu ta gefe. Daga baya malami ya tsare ka: me ya sa ka bi ta nan? Nan ake ainihin karatun.

Amma fa irin wannan wasa ba ya koyar da saitin bindiga, kuma ba ka jin nauyin kaya, ƙishirwa ko rashin barci. Waɗannan sai an fita daji atisaye.